Ku Gyara Mazubi, Ku Bar Sassaƙar Bulo

Ƙannena maza da mata, masu raba dare a gaban kwamfuta kuna koyon rubuta manhaja, da ku nake. In kun ji na ce “ka” a wannan rubutu, ƙanwata, har da ke nake.

A bayan unguwarmu akwai filin da ake buga bulo. Tun ina yaro nake son tsayawa in kalli masu wannan aiki: a kwaɓa siminti da yashi, a zuba a mazubin ƙarfe, a daddanna, a kife a ƙasa, a ɗaga. Kafin azahar fili ya cika da bulo a jere, kowanne da ɗan'uwansa kamar an tsaga kara. Idan mazubin a miƙe yake, magini ba ya shan wahala. Idan kuwa gefe guda ya lanƙwashe, kowane bulo da wannan lanƙwasar zai fito, kuma ban taɓa ganin mai hankali ya ɗauki guduma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sassaƙa ba. Mazubin ake ɗauka a kai wa mai walda.

Na tuno muku da wannan ne saboda akwai wani ɓangare na sana'armu da ya yi kama da shi sak, kuma yawancin masu koyo ba sa jin labarinsa sai sun ji a jikinsu. Ni ma sai da na ji a nawa.

Manhaja ba ta rayuwa ita kaɗai. Wadda ke cikin wayarka tana magana da wata da ke zaune a kan saba, ta saba tana magana da ta banki, ta banki da ta kamfanin sadarwa. Kowacce da yaren da aka rubuta ta: ta Android da Kotlin, ta iPhone da Swift, shafin intanet da JavaScript, saba kuwa ko Go ko Python ko Java. Wurin da suke haɗuwa su miƙa wa juna saƙo shi ne mahaɗa, wadda 'yan sana'a ke kira API. A nan dole a yi yarjejeniya. Saƙon biyan kuɗi me da me yake ɗauke da shi? Wane gurbi ne na lamba, wanne ne na rubutu? Me za a mayar idan an dace, me za a mayar idan asusu ba kuɗi? Bayan an daidaita, kowane yare yana buƙatar tafintansa, wato guntun kod ɗin da zai kwance saƙon ya mayar da shi siffar da yaren ya sani, ya kuma ƙulle amsa ya aika. Mutanen da za su yi aiki da mahaɗar su kuma suna buƙatar littafin bayani.

To ku ƙirga. Yarjejeniya ɗaya ce, amma ga ta a saba, ga ta a tafintoci uku, ga ta a littafin bayani. Wuri biyar, hannu biyar. Ranar farko duk bakinsu ɗaya. Bayan wata shida an ƙara gurbi a nan, an canza suna a can, wani ya tafi hutu, wani ya bar aiki, sai ka tarar kowane kwafi yana faɗin nasa.

Farkon kama aikina, mu huɗu ne a wani ƙaramin kamfani, muna haɗa wa wata ƙungiyar 'yan kasuwa manhajar adashi. Ni ke riƙe da saba. Yarjejeniyarmu tana cikin wata takarda da muke tura wa juna ta WhatsApp. Wata rana na lura lissafin naira mai ɗigo yana barin 'yan kurakurai a ƙarshen jimla, sai na mayar da gurbin kuɗi ya koma ƙirga kwabo. Shawarar mai kyau ce, har yau ita zan ba kowa. Na gyara saba, na faɗa wa mai shafin intanet da baki tunda teburinmu ɗaya, takardar kuwa na ce sai anjima. Abokin aikinmu mai manhajar waya yana wani gari, da takardar yake aiki. Ranar da aka fara amfani da manhajar, wata baiwar Allah mai sayar da atamfa ta ba mai karɓa naira 5,000, saƙo ya shigo wayarta cewa ta zuba naira 50. Ta rufe shago ta zo ofishinmu da kanta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye wayar a kan tebur ta ce, “Ɗana, duba mini wannan.” Kuɗinta bai ɓata ba, kafin magariba mun gyara. Amma na ga abin da ke idonta, kuma na san ni na jawo. Kod ɗina daidai yake, na abokina ma daidai yake da abin da aka rubuta masa. Takardar ce ta yi ƙarya, ni kuma na bar ta ta yi.

Maganin wannan ciwo an daɗe da samo shi. A rubuta yarjejeniyar sau ɗaya tak, a fayil ɗaya, da wani ɗan ƙaramin yare wanda mutum zai karanta ya gane, na'ura ma ta karanta ta gane. Wannan fayil shi ake kira sikima, shi ne mazubinmu. Sai a miƙa shi ga wani inji, wanda shi ma manhaja ne, ya karanta ya zubo tafintan kowane yare da littafin bayani gaba ɗaya. Ɗauki Protocol Buffers misali. Za ka buɗe fayil ka ce ga wani saƙo sunansa Zubi, yana da gurbi uku: lambar asusu, rubutu ce, gurbi na 1, adadin kuɗi, cikakkiyar lamba ce, gurbi na 2, ranar zubi, gurbi na 3. Ka ba injin da ake kira protoc umarni ɗaya, kafin ka ƙifta ido ya fito maka da tafintan Java da na Python da na C++ da na Kotlin, in ka jona masa ƙarin kayan aiki ya ba ka na Go da Swift da Dart. Gobe in ka ƙara gurbi na 4 ka sake ba da umarnin, duk su canza tare.

A ɓangaren mahaɗun da ke tafiya a kan HTTP, irin waɗanda yawancinku za ku fara cin karo da su, mazubin da ya fi yaɗuwa shi ne OpenAPI. Fayil ne na YAML ko JSON da ke lissafa kowace ƙofa, abin da take karɓa da abin da take mayarwa. Daga shi OpenAPI Generator ke ƙera tafintoci a yaruka masu yawa, Swagger UI kuma ya gina shafin bayani inda mai karatu zai cika gurabe ya danna ya ga amsar saba da idonsa. Wasu kan fara rubuta sikimar sannan kod ya biyo baya. Wasu kuma, kamar masu aiki da FastAPI a Python, kod suke rubutawa sikimar ta fito daga cikinsa. Kowace hanya ka bi, sharaɗin ɗaya ne: tushen ya zama guda, sauran duka daga gare shi su ɓulɓulo.

Kada ku ɗauka wannan sabon yayi ne. Tun 1984 hukumar sadarwa ta duniya da ke Janeba ta fitar da tsarin da ya zama ASN.1, kuma har yau da shi aka fayyace saƙonnin da wayarka ke musaya da eriyar kamfanin sadarwa a 4G da 5G; yana cikin dalilan da suka sa wayar da aka ƙera a Sin take fahimtar na'urar da aka ƙera a Suwidin. A tsakiyar shekarun 1990 David Beazley, yana ɗalibi, yana aiki a cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka, ya buƙaci haɗa manyan manhajojin kimiyya na C da yaruka masu sauƙin sarrafawa, sai ya ƙera SWIG don ya riƙa rubuta masa tafintocin, aka sake shi a 1996. Google ta fara amfani da Protocol Buffers a cikin gida tun wajen 2001, ta buɗe shi ga kowa a 2008, ta biyo da gRPC a 2015. Facebook ta fitar da Thrift a 2007. Swagger kuwa Tony Tam ne ya fara shi a Wordnik, kamfanin ƙamus na intanet, ya fito fili a 2011, daga 2016 aka koma kiran tsarin OpenAPI a ƙarƙashin Linux Foundation. Hatta Vulkan, mahaɗar da wasannin kwamfuta da na waya ke zana hoto da ita, daga fayil ɗaya na XML ake fitar da tafintocinta da wani sashe na littafin bayaninta. Zamani daban, wuri daban, amma ciwo ɗaya ne ya kai kowa ga maganin: hannun ɗan Adam ba abin dogaro ba ne wajen kwafe abu ɗaya sau biyar.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Inji ba ya gajiya, ba ya mantuwa, amma kuma ba ya tambaya. Abin da ka zuba masa shi zai buga. In ka yi kuskure da hannu a tafinta ɗaya, manhaja ɗaya ka ɓata. In ka yi shi a sikima, inji zai ɗauka cikin biyayya ya raba wa yaruka bakwai, ya kuma shirya shi tsaf a littafin bayani yadda kowa zai gaskata. Saboda haka sauƙin da injin ya kawo bai sauke maka nauyi ba. Tattara nauyin ya yi ya ɗora a wuri ɗaya, a kan 'yan layukan nan da kake gani kamar ba komai.

Abu na farko, kada ka rubuta sikima kai kaɗai a ɗaki. Yarjejeniya ce, yarjejeniya kuwa ba ta ƙulluwa da mutum ɗaya. Kira mai manhajar waya, kira mai shafin intanet, in da hali kira wanda ya san kasuwancin da kansa, ko da bai taɓa rubuta layin kod ba. Ku karanta guraben ɗaya bayan ɗaya a fili kowa na ji. A nan ne mai karɓar adashi zai ce maka ai wasu kan biya na kwana uku a haɗe, wasu kan aiko yaro ya biya musu, kai kuwa ba ka tanadi gurbin ko ɗaya ba. Awa biyu a kan fayil mai layi arba'in ba ɓata lokaci ba ne. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sikima ma kafin a ɗora mata manhajoji take tanƙwaruwa. Daɗin daɗawa, da zarar kun amince da ita kowa zai iya kama aikinsa a ranar. Mai waya ba sai ya jira saba ta kammala ba, domin daga sikimar ana iya tayar da sabar gwaji mai mayar da amsoshin misali.

Na biyu, ka dubi abin da gurbin zai ɗauka a zahiri, kar kamanninsa su ruɗe ka. Lambar asusun banki a Najeriya alƙaluma 10 ce, da yawa kuma da sifili suke farawa. Lambar waya ma haka, 080 ko 070 ko 090. In ka ce wa sikima cikakkiyar lamba ce, sifilin farko zai faɗi a hanya, kuɗi su nufi asusun da babu shi. BVN da NIN kowacce alƙaluma 11 ce, alhali gurbin lamba mai bit 32 da aka fi amfani da shi ba ya wuce 2,147,483,647, wato alƙaluma 10. Ko shiga ba za su yi ba. Ƙa'idar da nake bi mai sauƙi ce: abin da ba a tarawa, ba a debewa, ba a ninkawa, ba lamba ba ne ko da alƙaluma aka rubuta shi. Suna ne, a ajiye shi a gurbin rubutu. Ka kuma tuna yarukan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Lambar JavaScript ta yau da kullum iyakar cikakkiyar lambar da take riƙewa da tabbaci ita ce 9,007,199,254,740,991. In an wuce nan sai alƙaluman ƙarshe su fara canzawa ba tare da ko tari ba. Twitter ta ci karo da wannan a 2010, dole ta riƙa aika lambar kowane saƙo sau biyu, ɗaya a matsayin lamba, ɗaya a matsayin rubutu. Saboda wannan rauni ne Protocol Buffers, in zai mayar da lamba mai bit 64 zuwa JSON, a rubutu yake naɗe ta.

Sunayenmu ma suna da haƙƙi a kanka. Sikima tana ba ka damar gindaya sharaɗi a kan gurbi, kuma sau da yawa matashi kan kwafo sharaɗin da ya gani a wani wuri, mai cewa suna ba zai ƙunshi komai ba sai haruffan Ingilishi 26. Da wannan layi ɗaya ka kori Ɗanjuma da Ƙasimu da Sa'adatu da A'isha, ka kori wanda ke rubuta sunansa da ajami, inji kuma zai dasa korar a kowane tafinta. Tsarin UTF-8 ya daɗe yana ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ. Kowannensu bayit biyu yake ci, don haka in za ka iyakance tsawon suna, ka san harafi kake ƙirgawa ko bayit. In mu ba mu buɗe wa haruffanmu ƙofa a sikimar da muka rubuta da hannunmu ba, wa muke jira ya buɗe?

Na uku, ka rubuta ma'ana. Sikima za ta tabbatar gurbi lamba ya ɗauka, amma ba ta san lambar mece ce ba. A ranar 23 ga Satumba 1999 hukumar NASA ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter, bayan tafiyar fiye da wata tara zuwa duniyar Mars. Binciken da aka yi ya gano cewa wata manhaja da ke aiki a ƙasa tana fitar da alƙaluman ƙarfin turi da ma'aunin fam, manhajar da ke karɓa kuma tana ɗaukarsu a ma'aunin niwton, kamar yadda takardar mahaɗar ta tanada. Tsakanin ma'aunan biyu akwai ninki 4.45. Kuskuren ya yi ta taruwa wata da watanni, har kumbon ya gangaro zuwa kimanin kilomita 57 daga doron duniyar, inda ba zai iya tsira ba. Lambobi sun tashi lafiya, sun isa lafiya, babu na'urar da ta yi ƙorafi. Ma'anar ce ta ɓata a hanya. Takardar ma gaskiya ta faɗa, sai dai tana gefe guda, kod yana gefe guda, babu igiyar da ta ɗaure su.

Mu ba sai mun je sararin samaniya neman wannan darasi ba. Paystack a kwabo take karɓar adadi: in naira 5,000 ce, 500000 za ka aika. Sefar Nijar da ta Chadi da Kamaru kuwa, a ƙa'idar ISO 4217, ba ta da ƙaramin kaso, 5000 tana nufin sefa 5,000 cif. In kuma ka shiga kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram, da dala ake ciniki, sefa biyar dala ɗaya, wanda ya ce maka dala ashirin sefa 100 yake nufi. Matashin da ke haɗa manhaja don masu fatauci tsakanin Jibiya da Maraɗi, in ya sa wa gurbi suna “kuɗi” kawai ya tashi, ya haƙa wa kansa da jama'a rami. Sa ma'aunin a cikin sunan gurbin kansa, adadi a kwabo, nauyi a giram, lokaci a daƙiƙa, domin sunan zai bi inji ya shiga kowane yare, mai rubuta kod ya yi ta ganinsa duk sanda ya zo amfani da shi. Ware gurbi na musamman da zai faɗi kuɗin wace ƙasa ne.

Sannan ka rubuta sharhi a saman kowane gurbi. Tun Javadoc a 1995 da Doxygen a 1997 ake tsamo littafin bayani daga sharhin da ke jikin kod, kuma dokar ba ta canza ba: inji ba ya ƙirƙiro bayani, tattarawa yake yi. Na sha buɗe shafin bayani mai ƙyalli in tarar a gaban gurbin “matsayi” an rubuta “matsayin biya”, shi ke nan. Wannan bai ƙara mini komai ba. Faɗa mini matsayi nawa ne, me ke kai biya daga “ana jira” zuwa “an soke”, kuma in na aiko saƙon biya sau biyu saboda sabis ya yanke, sau nawa za a cire kuɗin. Waɗannan babu injin da ya san su, a kanka suke, in ba ka zuba su a sikima ba da kai za su tafi ranar da ka bar aikin.

Na huɗu, abin da ka saki ya zama alƙawari. Magana zarar bunu ce. A Protocol Buffers ba sunan gurbi ne ke tafiya cikin saƙo ba, lambarsa ce. Shi ya sa za ka iya ƙara sabon gurbi da sabuwar lamba ba tare da ka ɓata wa kowa aiki ba: tsohuwar manhaja in ta ga lambar da ba ta sani ba sai ta tsallake ta. Amma in ka goge gurbi na 2, bayan shekara ka ba wani abu daban lamba 2, tsohuwar manhaja za ta karanta sabon abu da tsohuwar fahimta. Don haka aka tanadi hanyar killace lamba: ka rubuta a sikima cewa 2 ta yi ritaya, injin ya ƙi duk wanda ya nemi sake amfani da ita. Kada ka ce ai kowa ya sabunta. A ƙauyukanmu akwai wayar da rabonta da sabunta manhaja an kwana biyu, saboda data tsada gare ta, kuma mai wayar yana da haƙƙin manhajarsa ta ci gaba da yi masa aiki.

Wanda ke ganin sake amfani da tsohuwar alama ƙaramin abu ne, ya ji abin da ya sami Knight Capital, kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka. Sun ɗauki wata alama da a da take tayar da wani tsohon kod da aka daɗe da daina amfani da shi, suka ba ta sabon aiki. Aka sabunta saba bakwai cikin takwas. Ranar 1 ga Agusta 2012 ta takwas ɗin ta ga alamar, ta fahimce ta da tsohuwar ma'ana, ta shiga aika odar ciniki ba ƙaƙƙautawa. Cikin kimanin minti 45 kamfanin ya yi asarar kusan dalar Amurka miliyan 440. Su ba a sikima abin ya same su ba, amma cutar ɗaya ce: alama ɗaya, ma'ana biyu, na'urorin da ba su sabunta tare ba. Yau akwai kayan aiki irin su buf da ke gwada sabuwar sikima da tsohuwa, su tsayar da kai in za ka saɓa alƙawari. Ka sa su cikin gwaje-gwajen da kod ɗinka ke bi tun ranar farko.

Na biyar shi ne zancen guduma. Kusan kowane fayil da inji ya ƙera yana ɗauke da gargaɗi a samansa cewa kada a taɓa shi da hannu. Ranar da aiki ya matse, dare ya yi, ka gano in ka canza layi ɗaya a cikin fayil ɗin matsalar za ta kau, zuciya za ta ce maka yi kawai, gobe ka gyara da kyau. Zai yi aiki kuwa. Sai bayan wata biyu wata abokiyar aikinka ta ƙara gurbi ta sake kunna injin, gyaranka ya shafe ba wanda ya sani, tsohuwar matsala ta dawo, ita kuma ta kwana tana neman laifin da ba nata ba. In abin da ya fito bai yi ba, ɗaya cikin uku ne: ko sikimar ce ke da gyara, ko saitin injin, ko kuwa kana buƙatar rubuta naka kod ɗin a fayil daban ya lulluɓe na injin. Ka ajiye sikimar a Git tare da kod, duk canjin da za a yi mata wani ya duba kafin ya shiga. Ku tsayar da zubin injin da kuke amfani da shi, wato version ɗinsa, don kada na kwamfutarka ya bambanta da na abokinka. Kuma ka sa ƙera tafintoci da littafin bayani ya zama aikin da ke tashi da kansa duk lokacin da sikima ta canza, domin duk abin da aka bar wa “sai anjima” wata rana ba za a tuna da shi ba. Kun ji yadda tawa anjimar ta ƙare.

Amma kar ka taɓa ba ya nufin kar ka karanta. Buɗe fayil ɗin da injin ya ƙera ka bi shi layi-layi, ko sau ɗaya ne. Ka ga abin da yake yi in gurbi ya zo babu komai, yadda yake bambanta sifili da rashin aikowa, da abin da yake yi in sabis ya yanke a tsakiya. Ina ma ba ku shawara kowa ya taɓa rubuta ƙaramin tafinta ɗaya da hannunsa, daga farko har ƙarshe. Wanda ya taɓa riƙe taɓarya shi ya san abin da injin niƙa ya ɗauke masa, kuma ranar da injin ya tsaya shi ke sanin inda zai duba. Wannan ya shafi har manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta muku kod yanzu. Suna da amfani, amma ka tambaye su abu ɗaya sau biyu suna iya ba ka amsa biyu. Injin sikima kuwa, in fayil ɗaya ne da zubi ɗaya, abin da ya ba ka yau shi zai ba ka gobe, kuma a wurin yarjejeniya wannan tabbacin ake nema. Haka nan ba kowane aiki ke buƙatar mazubi ba. In kai kaɗai ne, yare ɗaya, manhajar da za ta yi mako guda a jefar, rubuta abinka da hannu. Da zarar mutum na biyu ko yare na biyu ya shigo, to lokaci ya yi.

Ga aikin da nake so kowannenku ya yi a makon nan. Ɗauki ƙaramar mahaɗa ɗaya da ka taɓa rubutawa, ko ta rajistar ɗalibai ce ko ta lissafin shago. Rubuta mata sikima. A kan kowane gurbi ka rubuta cikakkiyar jimla da ke faɗin mene ne shi, da wane ma'auni, tare da misali. Fitar da tafinta a yaren da ba ka iya sosai ba, fitar da shafin bayani, ka tura wa aboki a wani gari ba tare da ka ƙara masa ko kalma ɗaya ba. In ya haɗa manhajarsa da taka bai kira ka ba, mazubinka ya miƙe. In ya kira, kar ka amsa masa a waya kawai ka wuce. Tambayarsa ta nuna maka inda ƙarfen ya lanƙwashe, koma can ka gyara.

Mai buga bulo ba ya sanin wanda zai kwana a ɗakin da za a gina. Mu ma haka ne. Wanda zai karanta sikimarka wataƙila bai ma shigo sana'ar ba tukuna. Wadda kuɗin guminta zai bi ta cikin gurbin da ka raɗa wa suna ba za ta taɓa jin sunanka ba. Ni na yi sa'a tawa ta zo har teburina ta ajiye waya, na ga fuskarta. Yawancinsu ba za su zo ba, cutuwa za su yi su yi shiru. Amana ce da sau da yawa babu mai ganinka a kanta sai Allah, kuma a 'yan layukan nan ake riƙe ta ko a yasar da ita. Allah Ya ba ku haƙurin zama a kan mazubi har ya miƙe, Ya sa albarka a abin da za a gina da shi.